Kujerar Kawu Maliki a Ɗakin Gwajin Magani

Mai'adua, Afrilu 2005

Zuwa ga 'yata Mardiyya, a Legas.

Assalamu alaikum. Wannan takarda daga hannun kawunki Maliki take, kuma ni na rubuta da kaina, kada ki ga baƙaƙen sun karkace ki ce wani na sa. Ina fata ta same ki lafiya. Mu nan sai godiya. Matata Shatu na nan da ciwon gwiwarta, ƙafa ba ta zuwa ko'ina amma baki na kaiwa har Damagaram. Ranar Juma'a na ga mahaifiyarki Hadijatu a Daura, ta dama mini fura, ta ce in gaya miki ki riƙa cin abinci.

Bayan haka, labari ya iso mana cewa kamfanin da kike wa aiki ya buɗe ɗakin gwajin maganin sikila a Daura, a tsohon otal ɗin nan na bayan tasha da aka rufe da zuwan shari'a. Ban tsaya jin ta bakin mutane ba, na je na gani. Inda ake jera kwalabe a da, yanzu firjin magani ne da farin labule. Na ce wa mai gadi, "Ka san wanda ke gabanka? Kawun Mardiyya ne, wadda ke duba aikinku daga Legas." Bai san ki ba, amma ya ba ni kujera.

A kara kuwa, wajen cinikin shanu, an sa ni gaba. Dabo dillali ya ce waɗanda suka zo Kano shekarar sanƙarau ma da farin labule suka zo. Wani ya ce maganin hana haihuwa ne aka sake wa riga. Ban ga laifinsu ba, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Amma na ce musu, "Yarinyar nan a bayan kekena na kai ta makaranta, lokacin da kuke cewa ɓata ta zan yi. In da cuta a abin nan, ba za ta bari ya shigo ƙasar Daura ba." Dabo ya ce, "Faɗa da baki ai ba wuya, Alhaji. Kai naka mana." Na ce to.

Saboda haka na sa jikata Firdausi, 'yar ɗana Saminu. Kin san yadda ciwon nan yake mata. Shekararta shida amma kamar 'yar huɗu, damina na sauka ƙashi ya fara sara, mu rasa inda za mu taɓa ta. Takardar yarda da suka ba mu da Hausa take, na kai wa Liman Audi muka bi ta layi-layi. Da muka zo inda aka ce ƙuri'a za a jefa, wasu yara su sami maganin, wasu su sami ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai cikinta, na tsaya na ce wannan ba caca ba ce? Liman ya ce ƙuri'a daban, caca daban, tunda an faɗa wa kowa gaskiya tun farko. Saminu da matarsa Haulatu suka sa hannu, sannan ya koma Damagaram wajen fataucinsa ya bar mini su.

Yanzu ga dalilin takarda. Ki leƙa cikin ƙuri'ar nan ki tabbata mutuniyata ta sami na gaske. Ba roƙo nake ba, tuni ne. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Ya'u direba ne zai kawo miki, shi ke kai mini shanu Agege. Akwai kilishi da man shanu, ki duba ko sun iso cikakku, don na san Ya'u.

Kawunki,
Alhaji Maliki Mai Shanu.

Legas, Mayu 2005

Kawuna,

Wa'alaikumus salam. Takarda ta iso, kilishi ma ya iso, sai dai da alama ya ɗan yada zango a bakin Ya'u. Na gode, Allah ya ƙara girma. Ina nan lafiya, ban da cunkoson motoci da ya zame mini abincin kullum. A yi wa Inna Shatu sannu da jiki, a gaishe da Haulatu da Firdausi. Taubashina Saminu kuwa ba sai an gaishe shi ba, tunda ko katin Sallah bai iya aikowa.

Na karanta abin da ka faɗa a kara na yi dariya, daga baya kuma hawaye ya zo mini. Ban manta keken nan ba, da yadda kake ɗaura mini filo a baya don kada ƙarfe ya ji mini ciwo.

Sai dai Mama ta ce kana gaya wa mutane ni na haɗa maganin. Ka rage kaɗan, Kawu. Ba ni na haɗa ba, kamfaninmu ma ba shi ya haɗa ba. Wasu masana ne suka yi shekaru a kansa, sannan suka ɗauko mu mu gwada shi bisa ƙa'ida, mu rubuta abin da muka gani, mai daɗi da marar daɗi, mu kai wa hukuma. Kai ma ka sani, mai saniya ba ya zama shaidar lafiyarta. Nawa aikin shi ne in bi rahoton da likitoci ke aikowa daga Daura da Zariya da Ibadan, in ga ba a tsallake komai ba.

Zancen ƙuri'a kuwa, ka yi haƙuri, ba ni da hannu a ciki. Ban san abin da Firdausi ke sha ba, Likita Muktar da ke ba ta ma bai sani ba. Amsar na cikin wata takarda a liƙe, ba a buɗewa sai in rai ya shiga haɗari. In aka zaɓa wa 'yan gida na gaske, ranar da aka gama ba wanda zai san ko magani ne ya yi aiki ko gata. Na kuma gaya wa shugabata akwai 'yar uwata a ciki, don haka ko sunanta ba na gani. Lamba ce a wurina kamar sauran yaran.

Abu ɗaya nake roƙo. Duk abin da aka gani a jikinta, ko ƙaiƙayi ne ko ƙin abinci, a faɗa wa likita. Sabon magani ba shi da baki, jikin yaran ne ke ba mu labarinsa. Kuma duk ranar da kuka ga dama kuna iya cire ta, ba mai tambayar ku dalili.

'Yarka,
Mardiyya.

Mai'adua, farkon Yuli 2005

'Yata Mardiyya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ruwa ya sauka sosai, gero ya kai gwiwa, shanu sun fara murmurewa. Kowa lafiya.

Na ji bayaninki a kan ƙuri'a. Ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye miki ba. Amma na karanta wa Dabo wurin da kika ce ko sunanta ba kya gani, na ce masa, "Ka ji irin tarbiyyar gidanmu." Tun daga nan gidaje da dama a Mai'adua suka kai 'ya'yansu, har da ƙanen Dabo.

Kowane wata ni nake kai su Daura da kaina. Shatu ba ta iya hawa mota, don haka ni ne da Haulatu da yarinya. Kuma ba na tsayawa waje kamar ɗan rakiya. Babbar riga nake sawa in shiga har gaban Likita Muktar, akwai kujerar da ta zama tawa kusa da taga. Mutane su gani su san gidan Maliki ba ya abu a ɓoye. Likitan na da ladabi, sai dai zaman birni ya goge masa wasu abubuwa. A gabana yake duban Haulatu ya ce, "Maman Firdausi, ya jikin nata wannan watan?" Ita kuwa 'yar mutunci sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi." Ya ce, "Ba amai, ba komai?" Ta ce, "Da sauƙi." Ya rubuta.

Mardiyya, a zamanin nan samun suruka irin Haulatu sai an tona. Firdausi 'yar fari ce, kuma tunda aka haife ta ban taɓa jin sunanta a bakin uwar ba, sai dai "yarinyar nan". Tun yaye a ɗakin Shatu take kwana. Kwanakin nan yarinyar ta ɗan canza, ta ƙi tuwo, ta ƙi fura, ta yini tana susa. Shekaranjiya ta yi amai a tsakar gida gaban baƙi, Haulatu na tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Matan da suka zo sai yaba kunyarta suke. Shatu ta ce fitsarin ya yi ja kamar shayi, idon ma ya ƙara rawaya, ta ce shawara ce, tana jiƙa mata saiwa. Ai masu sikila sun gaji rawayan ido. Abin da na lura da shi dai, tunda ruwa ya sauka ƙashi bai sare ta ba. Ina jin na gaske ta samu, ko da ba ki sa hannu ba.

Kawunki Maliki.

Legas, ƙarshen Yuli 2005

Kawu,

Ina gaisuwa. Na ji ka shiru tun watan Mayu, ko fushin ƙuri'a ne har yanzu? Ina fata dai lafiya, shuka ce ta riƙe ka.

Ga labarin da zai wanke ni. An yi babban taro a ofis, masu maganin ma sun turo wakilansu. Aka haska rahoton garuruwa uku a bango. Zariya akwai ƙorafi, Ibadan akwai ƙorafi, wannan ya yi amai, wancan ya yi ƙuraje. Da aka zo Daura, fes, ko ɗaya babu. Iyaye na zuwa a kan lokaci, ba wanda ya fita. Shugabata ta juyo ta ce, "Mardiyya, ba garinku ba ne wannan?" Na miƙe na ce garinmu ne, kuma tun zamanin rijiyar Kusugu ba mu saba ba wa baƙo kunya ba. Aka tafa.

Na so a ce kana wurin da babbar rigarka. Ka faɗa wa Dabo, ka ƙara gishiri in kana so, wannan karon na yarda.

Taka,
Mardiyya.

Legas, Agusta 2005

Kawu,

Gaisuwa a gurguje, ka yafe mini. Takardarka ta farkon Yuli sai yau ta shigo hannuna. Ya'u ya ce motarsa ta lalace a Mokwa, aka sauya wa shanu mota, takarda ta zauna cikin akwatin gaba ya manta da ita.

Abin da ka rubuta a kan Firdausi ba irin shawarar da saiwa ke warkarwa ba ce. Amai da susa da jan fitsari alamun hanta ce ta taɓu, kuma mai yiwuwa maganin ne. Na kira Likita Muktar a waya kafin in zauna rubutu, zai aiko mota a ɗauko ta. Kada a ƙara ba ta ƙwayar, kada a ƙara ba ta saiwar.

Na kai wa shugabata maganar. Rahoton Daura da na yi taƙama da shi ba gaskiya ba ne.

Kawu, daga yau kada ka ƙara shiga ɗakin likita tare da Haulatu. Zan yi maka bayani, yanzu direban bas ɗin Katsina na jirana.

Mardiyya.

Mai'adua, Agusta 2005

Mardiyya,

Salamu alaikum, don ba a hana Musulmi sallama. Lafiyarmu ba sai na faɗa ba, tunda kin fi mu saninta daga Legas.

Ranar kasuwa, gari cike da mutanen Nijar da na Kano, farar motarku mai tambari ta tsaya a ƙofar gidana, aka fito da jikata a kafaɗa kamar an zo kamu. Kafin in taso daga kara labari ya riga ni. Dabo kallona kawai ya yi, kuma gara ya zage ni. Washegari aka bi gidaje ana karɓe ƙwayoyi. Mutanen da suka kai 'ya'yansu don sun ga na kai tawa, yanzu in na gaishe su a masallaci sai su amsa suna kallon tabarma.

Sai ga takardarki. Na karanta na sake karantawa ko zan ga inda ido ya ruɗe ni. Kin ce rahoton Daura ba gaskiya ba ne. Wa ya bayar da shi? Surukata, a gabana. To mu ne maƙaryatan ke nan. Kin kuma ce kada in ƙara shiga ɗakin likita. Na gane. Tsohon mai shanu da warin garke bai dace da farin labule ba. Da kin faɗa tun farko, da na zauna wajen mai gadi, shi ya san girmana.

Yarinya na kwance a asibiti a Daura da ƙarin ruwa a hannu, ko ido ba ta buɗewa sosai. Mahaifiyarki da Haulatu ke zaune da ita. Da ƙafarta ta shiga gwajinku, Mardiyya. Ke kika rubuta cewa ana iya fita ko yaushe ba mai tambaya. Na aika Damagaram a kira Saminu. Yana isowa za mu ɗauko ta mu mayar da ita gida, Shatu ta ci gaba da abin da iyaye suka sani. In kwana ya ƙare, ya ƙare a ɗakin kakarta.

Babu kilishi wannan karon.

Maliki.

Legas, Satumba 2005

Kawuna, uba a gare ni,

Ina gaisuwa a durƙushe. Wannan ba ta hannun Ya'u za ta zo ba, ta na'urar ofis na tura wa Likita Muktar don ya miƙa maka hannu da hannu. Na yi rubutun baya cikin ruɗewa, na bar rabin magana a bakina, ta fito da kaifi. Ka yafe mini.

Na fara da abin da ya fi komai. Firdausi ta riga ta fita daga gwaji tun ranar da mota ta zo, ba mai ƙara ba ta ƙwayar. Abin da ake yi mata yanzu jinya ce. An buɗe takardar nan da aka liƙe, na gaske take sha, kamar yadda ka zata. Ya tsare mata ƙashi, amma ya yi wa hantarta yawa. Awon jini ya nuna hantar za ta iya warkewa in an bar ta a asibiti. In aka mayar da ita gida yanzu, ina tsoron ba za ta kai lokacin kaka ba. Na rantse ba don kamfani nake faɗa ba.

Ba wanda ya yi ƙarya, Kawu. Ka tuna yadda ka yaba Haulatu. 'Yar fari, ga suruki zaune da babbar riga, ga baƙon namiji na tambaya. Ko wuta ce ke cin yarinyar, me za ta ce ban da "da sauƙi"? Tarbiyyarta ta bi. Mu ne muka tsara tambaya a Legas muka ce a yi wa uwa, ba mu ce a tambayi kakar da yaro ke kwana a ɗakinta ba. Ni 'yar Daura ce, ni ya kamata in fara shakka da na ga gari guda ba mai ƙorafi, sai na tashi ina karɓar tafi. Da na ce ka tsaya waje, girmanka nake nufi. Ya cika ɗakin har ba a iya magana.

A nan ma ba daɗi nake sha ba. An dakatar da gwajin a garuruwan uku saboda maganata, wasu a ofis sun daina amsa gaisuwata. Wakilin masu maganin ya tambaye ni wace shaida gare ni. Na ce wani dattijo a Mai'adua ya rubuta duk alamun, bai bar ko ɗaya ba. Yabon surukarsa yake yi, amma idonsa na kan jikarsa.

Akwai sauran yara a can, wasunsu 'ya'yan fari ne, kuma ba mu san abin da ba a faɗa ba. Ba za su buɗe wa motarmu ƙofa ba yanzu. Kai za su buɗe wa.

Kada ka ɗauke ta, Kawu.

'Yarka, ko kana fushi,
Mardiyya.

Mai'adua, bayan ƙaramar Sallah, 2005

'Yata Mardiyya,

Assalamu alaikum, da barka da shan ruwa. Mun yi Sallah lafiya, gero ya shiga rumbu, Shatu ta ce gwiwa ta hana ta zuwa idi amma ba ta hana ta sanin abin da kowace mace ta ɗaura ba. Na san likita ya riga ya gaya miki mutuniyata ta dawo gida da ƙafarta. Amma yadda aka yi, daga bakina ya kamata ki ji.

Ranar da Saminu ya iso muka ɗauki mota sai Daura. A bakin ƙofa likita ya miƙo mini takardarki, na cusa a aljihu ban buɗe ba. Na shiga ɗakin na ce, "Ku tattara kaya." Mahaifiyarki ta fara magana, na ce, "Hadijatu, ni ne yayanki." Ta ja gefe. Haulatu na zaune a tabarma ta ba gadon baya, kamar yadda ta saba. Saminu ya sunkuya zai ɗauki yarinyar.

Sai Haulatu ta miƙe ta shiga tsakaninsa da gadon. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Firdausi ba za ta tafi ba."

Mardiyya, shekara shida ban ji sunan nan a bakinta ba. Sannan ta juya wajen likita ta fara zuba masa labari, ranar da aman ya fara, da abin da yarinyar ke ci ta mayar, da yadda take laɓewa a bayan ɗakin Shatu da asuba tana sauraren numfashinta. Ta ce, "Ranar da ta yi amai gaban baƙi ina tankaɗe, garin ma ban gan shi ba." Ashe duk abin nan da muke yaba ta, ita kaɗai ta san abin da take haɗiya. Hawaye na zuba tana magana, ba ta share ba.

Na fita. Akwai wani benci a gindin darbejiya, nan na zauna na buɗe takardarki. Da na zo inda kika ce girmana ya cika ɗaki, na ce to, wannan kam gaskiya ne, ko ba a faɗa ba.

Washegari na ce wa Likita Muktar ya bar motarku mai tambari a Daura, ya hau bayan babur. Muka bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Ni in zauna a zaure da masu gida in riƙe su da hira, malamar asibiti Yelwa ta shiga ciki wajen kakanni da iyaye mata, ba namiji ko ɗaya. Wasu sun bar ni tsaye a rana, na tsaya. Abin da aka ji a ɗakunan nan ba shi ne aka ji a Daura ba. An sami wasu yaran da hantarsu ta fara taɓuwa, cikinsu har da ɗan farin ƙanen Dabo. Duk an tare abin da wuri, ba a rasa kowa ba, Allah abin godiya. Ranar kasuwa Dabo ya zo ya tsaya kusa da ni ya daɗe yana duba haƙorin wani sa da ba saya zai yi ba. Can ya ce, "Alhaji, 'yar taka ita ta tsayar da su da kanta?" Na ce, "Da kanta, kuma su ke ba ta abinci." Ya ce, "Ta haifu." Na ce, "Na sani, ni na ɗaura mata filo."

Ba zan yi miki kara ba, damina mai zuwa ƙashi zai dawo wa Firdausi, tunda likita ya ce ita da maganin nan sun rabu. Wannan na damuna. Amma ya ce in hukuma ta yarda za a ci gaba da gwajin da ƙwaya ƙarama da awon jini kowane zuwa, wataƙila wata rana a dace da wanda zai karɓe ta. Ƙanen Dabo ya ce in an dawo zai sake tunani. Ban matsa masa ba. Yanzu dai tana cin tuwo, tana shan fura, jiya ta ce wai na tsufa da aure sai dai ta nemi wani.

Likita ya kuma ce kamfaninku ya sake tsari, har a Zariya yanzu a keɓe ake tambayar uwa, sannan a nemi wadda yaro ke kwana wurinta. Ki rubuto mini ko gaskiya ne, don na riga na faɗa a kara cewa daga gidan Maliki dokar ta fito. Ki kuma gaya mini sunayen waɗanda ba sa amsa gaisuwarki, in sa Ya'u ya riƙa kallonsu.

Har yanzu ni nake kai su Daura awon hanta kowane wata, da babbar rigata. Sai dai kujerar nan ta kusa da taga na bar wa masu bukata, bencin gindin darbejiya ya fi iska. Mai gadi na kawo mini shayi. Tagar likita a buɗe take, wani lokaci in jiyo muryar Haulatu tana cewa Firdausi ta yi kaza, Firdausi ta ci kaza. Da na ji ta fara sai in ƙara wa rediyona murya, don kada ta san na ji.

Ga kilishi nan, na sa Ya'u ya rantse.

Kawunki mai alfahari da ke,
Alhaji Maliki Mai Shanu.